Fitilun da Suka Karya Mana Azumi

Layin Auduga, Funtua
8 ga Yuli, 1982

Baban Mero,

"Duk ranar da fitilun nan suka yi wa unguwa laifi, ni zan fara tsayawa a gaban jama'a, ba sai an aiko a kira ni ba." Maganarka ce wannan, ba tawa ba. A filin makarantarmu ka faɗe ta, ranar da aka fara kunna su, kana cikin farar rigar da na sa wa bula da hannuna. Mutane suka tafa. Ni ban tafa ba, don shugabar makaranta ba ta tafa wa mijinta a gaban ɗalibanta, amma na ji daɗin har cikin ƙashina. To ga ranar ta zo, an duba ba ka.

Bayan haka, ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kana shan ruwa lafiya. Yaya baƙunta? Ka gaishe mini da Kawu Adebayo da iyalinsa, ka ce ina godiya da suka ba ɗan gudun hijira masauki. Mu nan lafiya lau. Mero ta aiko daga makarantar jinya a Zariya tana tambayarka. Na ce mata ka yi tafiya, ban ce mata ka gudu ba. Mahaifiyarka Iya Afusat na nan kalau, kullum tana rumfarta ta kwanuka a kasuwa, ciwon gwiwar nan ne kawai.

Ce mini ka yi za ka Kaduna neman kayan gyara. Sai da Pius direba ya dawo daga kai masara kudu na ji cewa shi ya sauke ka a Ogbomosho. Shi zai kawo maka wannan takarda. Kada ka ga laifinsa, ni na tsare shi da tambaya, ka kuwa san ni.

Ranar da abin ya faru kana Gozaki wajen gyaran famfo, wutsiyar hayaniyar kawai ka tarar. Bari in gaya maka yadda aka yi, tunda ba ka tsaya ka tambaya ba.

Bayan la'asar ne sakaliya. Hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin, irin wanda kaji ke gani su nufi akurki. Kafin mu gama kwashe shanya gari ya rufe. Sai fitilunka suka kama ɗaya bayan ɗaya, tun daga bakin titi har ƙofar masallaci, kamar yadda suka saba kowace magariba shekara uku ke nan. Malam Sada ladan ya ɗaga kai ya ga ta ƙofar masallaci ta kama, ya sa hannu a kunne ya kira salla. Unguwa duka ta sha ruwa. Ni ma na kai kofin kunun tsamiya baki, kuma Allah ya sani ya yi daɗi. Ba a gama alwala ba sai gefen hadarin ya yage ta yamma, rana ta leƙo mu ja wur, da sauran tsawon taɓarya biyu tsakaninta da ƙasa. Ruwan ma bai sauka a kanmu ba, can Dandume ya je ya zubar.

An ce Alhaji Maitama mai hatsi yana da ƙosai a baki a lokacin. Ya kasa haɗiyewa, ya kasa tofarwa, ya tsaya haka nan kumatu cike yana kallon rana, a gaban yaran shagonsa.

Liman bai ja maganar ba. Ya ce ramuwar rana ɗaya ce, babu kaffara, tunda ba da gangan aka yi ba. Da a nan zancen ya mutu. Amma babban mutumin da aka gani da ƙosai a baki dole ya nemi wanda zai ɗora wa. Shi ya sa ya taho ƙofar gidanmu da mutanensa daidai dawowarka, yana cewa a fito da mai fitila ya rama wa kowa azuminsa. Har nan ma kana murmushi. Sai da ya ce "fitilar Bayarabe". Ina zaure, na ga fuskarka lokacin da kalmar ta fito.

Na san ta yi zafi. Amma a bayan tashar jirgi aka haife ka, a nan aka binne cibiyarka. Hausar da ke bakinka ta fi ta Maitama tsabta, Yarabancinka kuwa ni shaida ce 'yan'uwanka dariya suke yi masa. Mutum ya kira ka baƙo cikin borin kunya, kai kuma sai ka ɗauki jaka ka gaskata shi?

Abin da ya fi ƙona mini rai, aikin da ka gudu ka bari ba abin kunya ba ne. Na yi karatu daidai gwargwado, na karanta labarin birane manya da ƙanana, ban ga inda aka yi wa talakawa irin abin da ka yi wa Layin Auduga ba. Ka tuna yadda muke a da. In mai riƙe da makullin famfo ya tafi biki ƙauyensu, sai mu yi ta jera tuluna muna yi masa addu'ar dawowa lafiya. Yanzu tanki da kansa yake jin ƙishi. Ƙwallon da ka sa a ciki ya yi ƙasa, inji ya tashi, ruwa ya cika, inji ya yi shiru. Kowane turken fitila da ɗan idonsa na gilashi yana kallon sama. Bara da rani da wuta ta fara ci a siton auduga, babu ɗan Adam ɗin da ya ji ƙauri. Wayar da ka shimfiɗa a rufi ce ta ji zafi ta tada jiniya, aka kashe wutar da bokiti. Siton da ke jingine da shi na waye? Na Maitama, cike da dawa har baki. Kuma duk ka jawo jijiyoyinsu zuwa ɗaki guda, kan allo guda, inda ɗan ƙwan fitila ke kamawa ya nuna inda ke ciwo. Da kana zana abin a kan tabarma, kana hana ni shara, ka ce mini so kake ka yi unguwa mai ji a jikinta. Na ɗauka mafarkin injiniya ne. Ka yi shi, na gani da idona.

Yanzu ƙungiyar unguwa ta sa taro bayan Salla. Maitama na so a yanke wayoyin duka, har na tanki da na jiniya, a koma ba mutum makulli, wai an gaji da mulkin ƙarfe. Mutane sun fara gyaɗa masa kai. Ba don ya fi kowa gaskiya ba, don dai babu mai ba shi amsa.

Ka dawo ka ba shi.

Ga tabaraunka nan na ba Pius, a kan rediyo ka manta shi. Ban san da me kake karatu a can ba. Allah ya karɓi ibada, ya huci zuciyarka, tawa kuwa a bar ta tukuna.

Taka,
Hajo


Layin Auduga, Funtua
14 ga Yuli, 1982

Baban Mero,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan wannan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da mutanen gidan Kawu. Yaya azumi a garin da babu kunun tsamiya? Mu nan sai godiya. Ruwa ya zauna, masara ta kai ƙugu a gonar bayan makaranta, yara na jarrabawa, ni ina ta jan biro a kan takardunsu.

Pius ya dawo mini da goro, da kalma biyu, wai ka ce "na ji". Goron na raba wa maƙwabta. "Na ji" ɗin na ajiye, don ban san abin da ake dafawa da shi ba.

Na ɗauki makullin ɗakin allo a aljihun kakinka. Kullum in an tashi makaranta sai in biya can. Da farko don in tabbatar yaran Maitama ba su taɓa komai ba ne, yanzu kuwa ban san dalili ba. Ka san tun da ka gina ɗakin nan ban taɓa zama a ciki ni kaɗai ba. Akwai wani ɗan gurnani da yake yi, ƙasa-ƙasa, kamar mai barci. Ran Asabar ina zaune sai ƙwai ɗaya ya kama a gefen allon, wajen da ka rubuta layin mahauta. Na yafa mayafi na je. Na tarar kan famfo ya ɓalle, ruwa na ta kwarara a lungu, babu wanda ya lura. Unguwa ta ce mini nan ke mata ciwo, na je na tarar gaskiya ta faɗa. Washegari da zan shiga ɗakin na yi sallama, kuma na kama kaina na ɗan tsaya ina jiran amsa.

Shi ya sa na zauna na tambayi kaina abin da mutanen nan ke faɗa a kai ba su sani ba. Maitama na zargin fitila kamar ta yi niyyar cutarsa. Masu sonta kuma a da cewa suke ta fi mutum sanin lokaci. Dukansu sun ɗauka akwai wani a ciki. To akwai?

Akwai idon nan na gwaji da ka bari a kan teburi, haɗe da ƙwai. Da rana tsaka na rufe shi da gefen mayafina, ƙwan ya kama. Na janye, ya mutu. Na yi ta yi masa haka har hannuna ya gaji. Bai yi fushi ba, bai gane tsokanarsa nake yi ba. Ɗan aji ɗaya da ya doke mini hannu tun a na uku. Ko akuya da ta bar wurin. Ni in ka ɗaure mini ido da azahar ka ce dare ya yi, ba zan yarda ba. Ina jin injin niƙa na aiki, ina jin zafin bango, kuma na tuna ban yi la'asar ba. Shi idon nan ba shi da ɗazu, ba shi da jiya. Da na ce ya san duhu bai san dare ba, amma ko "sani" ɗin ma na yi masa kyauta. Duhu ne ke taɓa shi ya motsa. Ba ya jin yunwa, bai ɗaura niyya da asuba ba, faɗuwar rana ba ta kawo masa komai.

Na ji daɗin wannan amsa tawa ƙwarai, har ina shirin koya wa 'yan aji shida. Sai ga Malam Sada a ofishina, ya rame, yana murza hula a hannu. Ya ce, "Malama, ni fa tun da aka kafa fitilar nan ban sake juyawa yamma ba. In ta kama, sai in ji hannuna ya tafi kunne da kansa." Mutumin da a da katangar masallaci yake hawa ya ga faɗuwar rana da idonsa, kamar yadda ubansa ya yi. Ka ga ke nan a ranar nan duhu ya taɓa fitila ta motsa, fitila ta taɓa ladan ya motsa, ladan ya taɓa mu muka kai kofi baki. A duk layin nan babu wanda ya ce, tsaya, yanzu fa na sallame la'asar. Matan gidan maƙwabcinmu Sanda har cewa suka yi, kai, yau rana ta yi sauri. An tambayi fitila ko akwai duhu, ta ce akwai, ba ta yi ƙarya ba. Mu ne muka ɗauki amsarta muka liƙa wa wata tambayar. Yanzu an bar jaki ana dukan taiki.

Tun daga nan abin ya hana ni sakat. In wanda ke motsi ba tare da ya lura ba shi ne ƙarfe, sau nawa nake zama ƙarfe a wuni? Na sha kai raka'a ƙarshe bakina na karatu, ni kuwa ina kasuwa ina taya tumatir.

Sai na tuna Babana a shekararsa ta ƙarshe, Allah ya jiƙansa. Ka tuna bai san sunana ba, da sunan ƙanwarsa yake kira na, amma lokacin salla na yi zai miƙa hannu wajen buta. Wani likita ya ce mana sabo ne kawai ya rage, mai gidan ya riga ya fita. Na kusa yarda. Sai wata rana ina canza masa shimfiɗa ya kawar da kai, ya ja zane ya rufe gwiwarsa. Kunya ya ji. Sabo ba ya jin kunya. Yana ciki, Baban Mero, ƙofar ce ta ƙi buɗuwa. Ban san inda wannan mai gidan ke zama a jikin mutum ba, na dai san sukudirebanka ba zai tono shi ba. Na tabbata yana cikin Baba har ranar ƙarshe. Na kusa tabbata babu shi a allonka, ko da yake har yau ina yin sallama. A kaina ne na fi shakka, don na ga yana fita yawo bai gaya mini ba.

Ka gafarce ni, na mai da takarda aji. Ba ni da wanda zan yi irin wannan hira da shi, ka tafi da kunnen.

Akwai mutum ɗaya da ya kamata ka ji labarinsa. Maiwada kurma, mai gyaran keke na kusa da masallaci. Ya tare ni a hanya, ya nuna fitila, ya nuna bakinsa, ya dafa ƙirji. Tun yana yaro sai an taɓa shi yake sanin an kira salla, in kuwa an manta da shi sai ya ga mutane na tauna. Fitilarka ce ladan na farko da ya taɓa kiransa. Da aka kwatanta masa da hannu cewa za a yanke, sai ya ɗauke bencinsa ya mai da gindin turken. Yara sun fara jifan idon da dutse, shi ke korarsu da bututun famfon keke. Kana Ogbomosho, kurma na gadin aikinka.

Iya ma ba ta zauna ba. Maitama ya je rumfarta sayen langa. Ta miƙa masa ta ce, "Alhaji, ka duba da kyau, wannan ma ta Bayarabiya ce, kada ta karya maka azumi." Layin 'yan kwanuka duka ya ɗauki dariya. Ya biya bai taya ba. Tsohuwa mai ciwon gwiwa ta tsaya a inda ɗanta ya kasa.

Ina jiran amsa mai tsawon da ya wuce kalma biyu. Ka riƙa cin sahur sosai, na san halinka in rai ya ɓaci.

Taka har kullum,
Hajo


Layin Auduga, Funtua
19 ga Yuli, 1982

Baban Mero,

Gaisuwa da fatan alheri. Na gode Allah da na ga rubutun hannunka, ko ba komai na san tabarau ya isa. Ina fatan kana lafiya. Iya na gaishe ka, Mero za ta zo Salla jibi, kuma wannan karon in ta tambaya gaskiya zan gaya mata.

Ka rubuta: "Ƙarfe ne, Hajo, in sun so su yanke. Ga zane nan, in an haɗa idon da agogo ba zai sake kamawa kafin faɗuwar rana ba. Ki ba duk wanda suka ɗauka. Ni ban san ko ina da wuri a can ba."

Bari in fara da zanen, don shi ne bai ba ni haushi ba. Na shimfiɗa shi a kan teburin allo na bi shi da yatsa har na gane. Agogo mai faifai, faifan na juyawa da watannin shekara, ya san ranar damina ta fi ta hunturu daɗewa. Mutumin da ke cikin baƙin ciki, a ɗakin aro, ya zauna ya fitar da wannan daga kansa. Na daɗe ina kallonsa. Ban taɓa shakkar kanka ba, ko sau ɗaya, tun ranar da ka gyara mana ƙararrawar makaranta kana satar kallona.

Amma ba zan ba kowa shi ba. In ka yi fitilar da ba ta kuskure, babu wanda zai sake ɗaga kai a unguwar nan har abada. Jikan Malam Sada sai ya tashi bai san ina ne yamma ba. Sannan ranar da agogon ya tsaya, don zai tsaya, wa ya rage da zai lura? So kake ka gyara fitila, alhali ba ita ce ta lalace ba.

"Ƙarfe ne" kuma. Lateef. Ka ga yau na rubuta sunanka, abin da ban taɓa yi ba tun da aka ɗaura mana aure, ka auna da kanka inda raina ya kai. In ƙarfe ne kawai, me ya kai ka Ogbomosho? Na zauna da allon nan kwana da kwanaki, na fahimci abin da ban sani ba a da. Yana ji, amma bai damu ba. In ruwan unguwa duka zai tsiyaye a lungun mahauta, ƙwansa zai kama ya zauna haka nan, ba zai tashi ya je ba. Wanda ke gani ya ajiye cokali ya ɗauki filaya, kai ne. Unguwa mai ji a jikinta ka gina, gaskiya ne, amma kai ne mai jin, ba ka sani ba. Ka tafi ka bar ta da jijiyoyi babu mai gida. Ni nake riƙon ƙwarya, kuma ba sana'ata ba ce.

Zancen wuri kuwa, na karanta wa Iya. Ta ce in gaya maka ita da ta zo garin nan da kai a ciki babu wanda ya shimfiɗa mata tabarma, zama ta yi har aka saba. Ta ce kabarin mahaifinka na nan Funtua, ka gaya mata ko shi ma baƙo ne ta sa a tashe shi.

Ga abin da na shirya. Na je wurin liman tare da Malam Sada. Na ce a bar tanki, a bar jiniya, a bar fitilun tituna su yi ta kamawa duk lokacin da suka ga duhu, aikinsu ke nan, ba su taɓa cewa su malamai ne ba. Ido ɗaya tak za a cire, na turken ƙofar masallaci. A maimakonsa a ja waya zuwa katanga, a sa makunni daidai inda ladan zai tsaya. Ya hau, ya ga rana ta faɗi da idonsa, ya danna, sannan ya kira salla. In Maiwada ya ga ta kama, ya san ɗan Adam ne ya duba sama dominsa. Malam Sada har hawaye ya yi, ya ce ko da rarrafe zai hau. Liman ya ce magana ce mai kyau, amma sai an sami mai faɗinta a gaban taro, da mai haɗa wayar. Na tambayi masu gyaran wuta biyu a cikin gari, duka sun ce su ba sa taɓa aikin Injiniya.

An tsai da ranar taro: Lahadin bayan Salla, bayan la'asar, a filin makaranta. Pius zai taso daga can ran Juma'a, na gaya masa kada ya ba kowa kujerar gaba.

In an gama jera bencina ban gan ka ba, ni zan tashi. Mace ba ta taɓa magana a taron ƙungiya ba, to za a fara. Rabin waɗanda za su zauna a bencinan nan ni na koya wa 'ya'yansu baƙi, wasu ma su kansu na ja wa kunne. Iya ta ce za ta zauna a gefena da sandarta. Ba zan ce kana rashin lafiya ba, ba zan ce aiki ya riƙe ka ba. In Maitama ya tambaya ina mai fitila, zan ce ga matarsa.

In kuma suka yarda, a yammacin nan zan yi aikin, kafin wani ya kwana ya canza ra'ayi. Na karanta littattafanka biyu na kan kanta. Na san sai an kashe babban makunni, na san jar waya na san baƙa, sauran kuma Allah na nan. Na yi magana da Maiwada da hannu, zai ara mini tsaninsa ya riƙe mini. Zan ɗaure zane da kyau in hau turken ƙofar masallaci da filayarka a hannu, gaban liman, gaban Maitama, gaban duk wanda ya fito salla. Ka san shekaruna, ka san nauyina, ka kuma san tsanin Maiwada, ƙusa uku ne da addu'a.

Ɗayanmu zai hau turken nan ran Lahadi. Ka zaɓa.

Barka da Salla tun yanzu. Allah ya kawo ka lafiya.

Matarka,
Hajo